Kunnena da Motar Luba a Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban ƙara shan shayi da zafinsa ba. Da na zauna a teburin mai shayi na Gidan Igwai, kafin in kai kofi baki wani zai ce, "Ummaru Kunne, wai da gaske ka faɗi a gaban Yarbawa?" In fara bayani, wani ya iso, a ce in koma farko. Yanzu labarin har ya yi ƙafa, jiya na ji ana cewa cikin teku na faɗa. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa, ni dai shayina nike so.

Ga wanda bai san ni ba, direba ne ni tun ina saurayi, na ja bas a hanyar Gusau da ta Illela har bayana ya ce ya isa. Kunne da ake kira na ba don girman kunnen ba ne, ko da yake shi ma ba laifi. Injin nike saurare. A da, in mota ta shigo tasha, ina kwance a kan benci ido rufe zan faɗi abin da ke damunta. Tun da na ajiye tuƙi kuwa, ba abin da nike saurare sai rediyo da tarin maƙwabci.

Ɗiyata Luba ungozoma ce a wani asibiti, tana aure a unguwar Mabera, nan cikin Sakkwato. Ta gaji da kabu-kabu da keke mai ƙafa uku, ta yi adashi, ta haɗa abin da ta haɗa, ta zo ta same ni. Ta ce ƙaramar mota take so ta cikin gari, gida zuwa asibiti, asibiti zuwa makarantar yara. Ta ce, "Baba, yanzu iri uku ne. Akwai mai fetur da ka sani, akwai mai lantarki da ake yi wa caji kamar waya, akwai kuma haibirid, mai haɗa injin da batir. Ka duba ukun duka. Fetur ɗin nan ne ke ba ni tsoro, kada mota ta cinye mini albashi."

Na ce, "An gama." Amma ga abin da ke cikina, gara ku ji shi tun yanzu. Mai fetur nike so. Mijin Luba malamin makaranta ne, mutumin kirki, sai dai bai san inda ake zuba wa mota ruwa ba. Na riga na tsara: in mai fetur ce, duk Asabar ina Mabera, in duba baƙin mai, in saurari injin, in yi wa bakanike faɗa, a sa mini abinci, jikoki su hau kaina. In ta yi tari a hanya, wa za a kira? Ni. Waɗancan biyun kuwa ban san ta inda ake kama su ba.

Kwatano ake sayo motoci, can na nufa. Abokin tafiyata Alhaji Bello mai atamfa ne, wanda Kwatano ta zame masa kamar bayan gida. Munka bi ta Tambuwal da Jega, munka gangara Bagudo har Tsamiya. Direbanmu yana sa giya kamar mai jin haushinta. Na daure har Jega, can na ce, "Ɗan nan, mi wagga mota ta yi maka?" Ya dube ni ta madubi ya ce, "Baba, tsohon direba ne ko?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "Na sani. Ku ne ba ku barci a mota." Alhaji Bello ya sayo mini rake don bakina ya samu aiki.

A kan iyaka anka nemi katin allura. Luba da kanta ta kai ni anka yi mini allurar kafin tafiya, ta riƙe mini hannu kamar yaron goye, don ni da allura ba mu shiri. Katin kuwa na adana shi adanar da ni kaina ban san inda yake ba. Jami'in yana Faransanci, ina lalube. Da na rasa, sai na naɗe hannun riga na nuna masa wurin da anka soke ni, na ce da Hausa, "Ga shaida nan, har yanzu ciwo yake." Ya kira ɗan'uwansa, sunka duba dantsena tare. Ɗayan yana jin Hausa, ya ce, "Baba, dantse ba ya ɗaukar hatimi." Sai da na cire hula don in share gumi katin ya faɗo. Ashe can na sa shi.

Daga Segbana da ke bayan iyaka munka nufi Kandi, sannan Faraku. Abin da ya fara ɗaure mini kai, fetur. Ga shi nan bakin hanya cikin manyan kwalabe masu ƙaton ciki, mata ne ke sayarwa, da goyo a baya. Mu nan samari ke tsayawa da galan da mazurari suna ɗaga hannu, can kuwa uwa ce, tana zuba wa babur mai tana ba ɗa nono. Sai burodinsu, dogo, siriri, mai tauri, in ka rasa sanda sai ka kori akuya da shi. Haƙorana da sunka rage ba su da yawa, na jiƙa shi a shayi har ya tuba. A Faraku dai na ci abin da ya burge ni, cukun Fulani da suke soyawa su jefa a miya, da sakwara. Na ce wa Alhaji Bello a bar ni nan, shi ya ƙarasa ya zaɓo motar.

Kwatano kuwa zafinta na munafunci ne. Namu na Sakkwato gaba da gaba yake zuwa, ya gasa ka, ka shiga inuwa ku rabu. Nasu har ɗaki yake bin ka, ka yi wanka ka fito kana neman wani wankan. Munka sauka a Zango, gidan wani mai masauki da fatake ke sauka, ɗaki ɗaya mu da buhunan atamfar mutane. Da safe koko da ƙosai kamar gida, har da mai kiran salla da muryarsa ta yi kama da ta ladaninmu. Da rana ta take, sai ka ga wasu shaguna sun rufe, wai an tafi cin abinci da hutawa. Na ce a kasuwarmu ka rufe shago da azahar, kafin ka dawo maƙwabcinka ya sayar wa mai sayenka har da na baɗi.

'Yan kabu-kabunsu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, kuma dole fasinja ya sa hular kwano. Ni ba na fita ba hula, sai na ɗora kwanon a kan hulata. Alhaji Bello ya dube ni ya ce na yi kama da tukunyar da anka rufe da murfin wata. Babur ɗin da na hau bai yi ƙara ba ko kaɗan. Ina jiran a tayar, sai na ga muna tafiya. Ashe na batir ne. A hanya ya tsaya wata rumfa, ya ciro batir ya miƙa, anka ba shi cikakke, munka wuce. Na ce a raina, to, abin ya fara.

Filin motocin yana bayan gari, wajen hanyar da ta nufi iyakar Legas. Ban taɓa ganin mota da yawa haka ba, har inda ido ya tsaya. Dillalin da Alhaji Bello ya haɗa ni da shi Bakano ne, Sabi'u. Ina buɗe baki na ce, "Mi kuke da shi na ƙanana?" ya ce, "Sakkwatawan Shehu! Baba, an zo lafiya?" Ya kira bakaniken da ke duba masa motoci, wani dattijo gajere mai tumbi, Bayarabe, sunansa Lamidi, ya yi zama a Gusau yana jin Hausa kamar ya haife ta. Lamidi ya kalli zanen da ke fuskata, don ni asalinmu Gobir ne, mu da Yarbawa kuwa abokan wasa ne, ya tafa hannu.

"Sabi'u, ina ka samo mini bawa?"

Na ce, "Ka ga ubangidanka ka tsaya tsaye? Ina gaisuwar?"

"Bagobiri da sayen mota! Jakin ya mutu ne?"

"Ya gudu. An ce ya zo nan ya koyi kanikanci."

Daga nan munka zama ɗaya. Alhaji Bello ya bar mu ya tafi kasuwar atamfarsa.

Mai lantarki anka fara nuna mini, 'yar fara, kyakkyawa kamar sabulu. Na ce a buɗe gaba. Anka buɗe, na leƙa, na ce, "An sace injin." Lamidi ya ce ba a sace ba, haka anka haife ta. Ba baƙin mai, ba fulogi, ba salansa. Na zagaya baya in sa tafin hannu a bakin salansa yadda na saba, na tsuguna, ba abin da zan taɓa. Ya ce ba ta shan ko ɗigo, ka jona ta da wuta ta kwana, da safe ka yi yawonka. Na tambaye shi, in wutar ba ta kwana ba fa? Don a Mabera wuta baƙuwa ce, takan leƙo a gaisa ta wuce. Luba na da sola, amma fanka da firji kawai take iyawa, in an jona dutsen guga sai ta yi kuka. Lamidi ya ce sai dai a ƙara sola babba, ko a yi mata caji da janareto. Na ce, "A sayi fetur a ba janareto, janareto ya ba mota, don kada mota ta sha fetur?" Ya ce, "Bagobiri, ashe akwai abu a ƙarƙashin hular." Ungozoma ana iya kiranta ko yaushe, ba ta ce wa mai naƙuda ta jira mota ta cika. Na yi wa farar sallama da girmamawa. Ranar da wuta ta zauna a garinmu, ita ce motar. Yau dai ba ita ba.

Sai haibirid, wadda ni na sa wa suna ruwa-biyu. Toka-toka ce, ba ta da wani kyau. Lamidi ya shiga ya danna wani maɓalli, ya ce, "Bismilla, saurara." Na kwantar da kunne a kan bonet. Shiru. Na canza kunne. Shiru. Mutane sun fara taruwa, don Sabi'u ya riga ya gaya musu wai an zo da mai jin maganar injin daga Sakkwato. Na miƙe na gyara riga na yanke hukunci: "Batirinta ya mutu. Ba ta tashi ba."

Lamidi ya ce, "Haka ne? To ya za a yi, ubangidana?"

Da na ji ya ce ubangidana ya kamata in gane akwai magana. Ban gane ba. Na ce, "Turi. Ka sa giya, in na ce saki ka saki." Na zagaya baya, na tofa yawu a hannu, na dafa. Wallahi ina dafawa ta tafi. Na ce a raina, Ummaru, ashe da sauranka. Na ƙara ƙarfi, ta ƙara gudu, ina bi ina "Saki! Saki!" Can sai injin ya kama, rrrr, lafiyayye. Motar ta yi gaba, hannuna ya dafa iska, na kife cikin rairayi, hula ta yi nata wuri. Ban damu ba. Daga kwancen na ɗaga hannu na ce, "Kun gani? Ta tashi!"

Filin nan kaf ya ɗauka da shewa. Wani har da zama a ƙasa. Ni kuwa na ɗauka murna ake yi mini, na tashi ina kaɗe riga ina cewa ba komai, aikinmu ne. Sai da Lamidi ya dawo da baya, motar shiru kamar kyanwa, ta tsaya gab da ƙafata, ya leƙo yana share hawaye. Ya ce tun da ya danna maɓallin a tashe take. Da batir take fara tafiya, injin ba ya kamawa sai ta ga ana son gudu ko batir ya yi ƙasa. Ba a jona ta da wuta, da kanta take cika batirinta, har in an taka birki. Turina kuwa, ya ce, Allah ya ba da lada.

Don su wanke ni sai anka kawo mai fetur. Ja ce. Anka tayar, na sa kunne, jama'a, kamar an kira sunana a baƙon gari. Injin yana tafiya sumul, ba ƙwanƙwasa, ba shaƙewa. Na buɗe murfin baƙin mai, ba hayaƙi. Na sa hannu a salansa, ruwa mai tsabta ke ɗiga. Na ce akwai bel ɗaya da ya fara sakewa. Lamidi ya duba, ya ce gaskiya ne. Wagga mota ko wane bakanike a Sakkwato zai kwance ta ya ɗaura ido rufe, kayanta kuwa har a kan tabarma ana sayarwa. Na ce wa Sabi'u, "Ita ce."

Lamidi ya ce, "Ba a saye sai an hau. Mu shiga gari da su, ɗaya bayan ɗaya."

Munka fara da ja. Munka faɗa cunkoson wata gada, babura ta ko ina, a matsa taku kaɗan a tsaya. Injin yana ta waƙarsa a tsaye, ni kuma direba ne, na san waƙar nan ba kyauta ba ce, kowane baiti fetur ne. Munka dawo munka ɗauki ruwa-biyu, munka koma cikin cunkoson nan. Da mun tsaya sai ta yi shiru. A matsa, ta silale da batir. A tsaya, shiru. Sanyin na'urar cikin motar bai ɗauke ba. Na tuna mahadar Gidan Igwai da safe, da lokacin tashin makarantu a Mabera. Hanyar Luba ke nan kullum, tsaya, matsa, tsaya.

Na nemi aibinta da gaske. Na ce zafin garinmu fa? Lamidi bai ɓoye ba, ya ce zafi ne babban abokin gabar batirin, a riƙa ajiye ta a inuwa, in kuma ya tsufa canza shi ba wasa ba ne. Ya jona wata na'ura a ƙarƙashin sitiyari ya nuna mini layuka, ya ce na wannan da sauransa sosai. Na ce masu gyara fa? Sabi'u ya ce akwai masu na'urar a Sakkwato yanzu, ba su da yawa dai. Na ce to ni ban yarda da motar da ba ta magana ba.

Lamidi ya ce, "Bagobiri, tsaya. Amarya ka zo nema wa kanka, ko motar ɗiya?"

Na koma gefe na kira Luba, da niyyar in tsorata ta da maganar batir ta ce a ɗauko ja. Na fara kenan ta ce, "Baba, ina ɗakin haihuwa, ba zan daɗe ba. Ni ban san komai a mota ba. Wadda ka zaɓa ita ce, ba zan ko tambaya ba." Ta kashe. Da ta yi gardama da na ji daɗi, don na iya gardama. Na tsaya da waya a hannu, ga ja tana kallona.

Na dawo na ce, "A rubuta ruwa-biyu." Na je na shafa bonet ɗin ja na ce ta yafe ni.

Lamidi ya ga fuskata. Ya ja ni kujerar baya ya nuna mini wata 'yar taga mai raga a gefe, ya ce ta nan batir ke shan iska, in ƙura ta toshe ta batir ya dahu. A riƙa sharewa a kai a kai. "Ga aikin da ya dace da bawa," in ji shi. Na ce Allah ya shirye shi, amma na riƙe maganar kamar an ba ni sarauta. Sabi'u ya ce maganar takardu da kawo mota a bar masa, mu munka juyo yadda munka je. A Faraku na sake cin cukun nan, a kan iyaka kuwa katin na hannuna tun daga Kandi.

Da motar ta iso, na bari Asabar ta zagayo, na sayi sabon buroshi da tsumma, na hau kabu-kabu sai Mabera. Na tarar da motar a ƙarƙashin rumfar da mijin Luba ya sa anka yi mata. Na buɗe baya na duƙa. Ragar tas, kamar an lashe. Luba ta fito da mayafi ta ce, "Au, Baba, wannan? Na gani a waya, jiya na share."

Na tsaya da buroshi a hannu. Na ce madalla, haka ake so. Na fara neman inda zan sa shi, aljihu bai ɗauka ba.

Ta ce, "Shiga mu tafi."

"Ina?"

"Hubbaren Shehu. Tun yaushe kake cewa ƙafa ta hana ka ziyara. Daga can mu biya a auna maka jini, ba allura, kada ka fara. Duk Asabar zan zo in ɗauke ka, fetur ɗin ba ya taɓa ni yanzu."

Na nufi ƙofar direba, ta riga ni. Na zagaya na zauna a gefe, wurin da ban taɓa zama ba a motar gida. Ta danna maɓalli, munka silale. A cunkoson kasuwa motar ta yi shirunta, na karkata kunne don sabo, ba injin da zan saurara. Sai muryar Luba, tana ba ni labarin wata mata da ta haifi tagwaye a bakin ƙofar asibiti, da abin da ƙaramin ɗanta ya ce wa malaminsu, da dalilin da ya sa dole in rage gishiri. Rabon da in ji ta yi magana mai tsawo haka tun tana 'yar firamare. Ta taka birki da ƙarfi a bayan wani mai keke, bakina ya buɗe zai yi aikinsa, na rufe shi. Na ce, "To, sai matar ta yi yaya?"